Tumbin Talla

A gidan Inna mai garin yara, babu abin da ake taƙama da shi kamar tumbin Ɓulɓul. Injin niƙa na bayan gida bai kai shi daraja ba, haka shagon da aka yi wa sabon fenti, balle Manaja, ɗan Inna, wanda ta laƙaba wa wannan muƙami don dai ya samu abin faɗa idan an tambaye shi aikinsa. Tumbin jikarta 'yar shekara uku shi ne jarin gidan. Hotonsa ne a jikin kowace ledar gari, shi ne kuma a babban allon da ke saman ƙofar shago: ga Ɓulɓul zaune da cokali a hannu, kumatu sun cika, riga ta ɗage, cibiya tana kallon masu wucewa.

Da hantsi, idan mata sun fara shigowa, Inna takan ɗora yarinyar a kan teburin shago, ta yaye mata riga, ta buga cikin da tafin hannu.

"Kun ji ko? Wannan ba iska ba ce, gari ne zalla. Ke mai goyo, juyo da naki mu gani. Kai! Wannan ɗa ne ko tsinken sakace? Ɗauki leda biyu, ki dama masa safe da yamma."

Matan su yi dariya su saya. Wasu ma sai sun danna cikin da hannunsu kafin su yarda, kamar masu zaɓen kankana. Gwaggo, ƙanwar Manaja, tana gefe da waya tana ɗaukar bidiyo, don ita ke tallata garin ga waɗanda ba su san hanyar shagon ba.

Maman Ɓulɓul, matar Manaja, ba ta fitowa a bidiyo. Wurinta bayan gida ne, inda take wanke hatsi da waken soya da gyaɗa, ta shanya, ta soya, ta kai inji, ta tankaɗe, ta ɗura a leda. Ita ke yin garin tun daga wanki har liƙe baki, amma a bakin mutane garin Inna ne. Wannan bai taɓa damunta ba. Abin da ya dame ta, a wajen wanka ta gamu da shi.

Wata safiya tana saɓa wa yarinyar sabulu, hannunta ya zame zuwa gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, sai ya ci karo da wani abu mai tauri kamar an ɓoye ɗanyen mangwaro a ƙarƙashin fata. Ta taɓa dama, laushi. Ta koma hagu, yana nan daram. Ɓulɓul ta ɗauka cakulkuli ake mata, ta ƙyalƙyale da dariya tana watsa ruwa. Uwar kuwa ta ɗauraye ta da sauri, ta naɗe ta a tawul ta nufi ɗakin surukarta.

"Inna, don Allah taɓa nan ki ji."

Inna ta taɓa da yatsa ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da kofin shayi.

"Ƙoshi ne."

"Gefe ɗaya ne fa, Inna."

"To ba a gefen take kwanciya ba? Abinci ne ya gangara. Ki riƙa juya ta."

Da Manaja ya fito yana gyara wuyan riga, matarsa ta tare shi a tsakar gida ta faɗa masa. Ya saurara tsaf, har da gyaɗa kai irin na manya, sannan ya yi tambayar da yake yi a kan komai, daga ɗigar rufin ɗaki har kalar labule.

"Me Inna ta ce?"

"Ta ce ƙoshi ne."

"To ai kin ji."

Uwar ta juya yarinyar. Ta kwantar da ita a dama har ta saba, amma abincin ya ƙi gangarowa. Sai ma ƙara girma da ya yi, ya turo cikin gaba, rigunan da ke mata daidai suka fara tsayawa a saman cibiya. Inna ta ga haka ta ce albarka ce, ta sa Gwaggo ta ɗauki sabon bidiyo.

A hankali Ɓulɓul ta daina shanye kofinta. Ta sha cokali biyu ta kawar da kai. Yarinyar da ke bin kaji da gudu ta koma neman gindin bango ta zauna, ta baje ƙafafu don cikin ya samu wuri. Hannuwa suka sirance, wuya ya fito. Uwar ta nuna wa Gwaggo, ita kuwa ta dubi hannuwan da idon sana'a.

"Lallai kam, a waya za su fito. Bari a ɗinka mata riga mai buhun hannu."

Aka ɗinka. Da kumatu suka faɗa, Gwaggo ta samo dabarar da har yau take ganin ba a yaba mata yadda ya kamata ba: jar alewa biyu, ɗaya a kowane kunci, a ce wa yarinya kada ta tauna sai an gama ɗauka. A bidiyo kumatun suka dawo tamkar da. Masu kallo suka yi ta rubuta cewa Allah ya ba su ɗa irin wannan.

Zazzaɓi ya shigo, yana zuwa yana tafiya. Inna ta ce haƙori ne.

"Inna, haƙoranta sun gama fitowa tuntuni."

"Na can ciki fa? Leƙawa kika yi da fitila?"

Wata rana uwar ta ɗaga fo ta ga fitsarin ya yi ja. Ta kai shi har gaban Inna, abin da ba ta taɓa yi ba. Inna ta toshe hanci ta leƙa.

"Jar alewar nan ce. Ke Gwaggo, ki koma sayen fara."

"Inna, jini ne. Ki bar ni in kai ta asibiti, yau ɗin nan."

Nan ne Inna ta ajiye wasa. Ta tura ƙofa, ta rage murya, ta faɗi abin da ke ranta tun ranar tawul.

"Ke wai ba kya tunani ne? Su wa ke cika layin asibitin yara? Ba masu sayen garinmu ba? Su ɗaga ido su ga Ɓulɓul, Ɓulɓul ta jikin leda, a layin marasa lafiya? Kafin rana ta faɗi an gama yaɗawa cewa garin Inna kumbura ciki yake yi. Da me za ku ci, ke da mijinki? Yara duk suna irin wannan, ya zo ya wuce."

Sai a lokacin Maman Ɓulɓul ta gane cewa tsohuwar ba rashin gani ke damunta ba. Ta gani sarai. Ta fita da fo ɗin a hannu.

Kada wani ya zaci Inna ba ta yarda da asibiti ba ne. A duk unguwar babu mai son asibiti kamarta, in dai jikinta ne. Ta yi gyatsa sau biyu a jere, asibiti. Cikinta ya yi ƙugi, asibiti. Akwai wani asibitin kuɗi da ke da na'urar hoton ciki, inda aka ɗauki hoton hantarta da ƙodarta da mafitsararta har sun fi fuskarta yawan hotuna. Kullum a ce mata lafiya lau, kullum ta fito ranta a ɓace, tana cewa na'urar ce ba ta da ƙarfi. Zuwanta can ba ya taɓa ciniki, tunda tsofaffi ba sa shan garin yara, ko da yake ledar da ke ƙarƙashin gadonta ba ɓera ke rage ta ba.

Wata rana Ɓulɓul ta yi amai a kan teburin shago, a gaban mata uku. Inna ta ce santsin gari ne ya yi mata yawa, ta sallame su, sannan ta kafa doka: kada a sake fito da yarinyar sai ta koyi zama cikin mutane. Washegari kuma mararta ta murɗa, ta ce a shirya a raka ta hoto. Gwaggo na tsaron shago, don haka riƙon jaka ya faɗo kan surukar, ga shi babu wanda za a bar wa yarinya.

"Goya ta, ki lulluɓe ta ruf," in ji Inna. "Ko yatsanta kada a gani."

Maman Ɓulɓul ta ce to. Tana ɗaure zanin goyo wata dabara ta faɗo mata, har sai da ta sunkuyar da kai don kada a gani a fuskarta.

Hoton mara yana da sharaɗi: sai an sha ruwa mafitsara ta cika taf, a kuma riƙe har a shiga. Inna ta san wannan, gwana ce, ta san daidai abin da take sha. Amma ranar layi ya yi tsawo, surukarta kuma ta zama mai ladabin da ba a taɓa gani ba.

"Inna, ƙara kaɗan. Wancan zuwan ai kin ce ba su gani da kyau ba."

Inna ta ƙara.

"Na ji wata tana cewa in bai cika sosai ba, ciwon ɓuya yake yi a bayan hanji."

"Haka ne fa. Miƙo."

Gora ta farko ta ƙare, aka buɗe ta biyu. Da Inna ta fara karkaɗa ƙafa, Maman Ɓulɓul ta ɗaga gorar sama tana tsiyaya ruwa a kofi a hankali, siriri, yana ƙara, ta mayar cikin gora, ta sake tsiyayowa.

"Ke, bar wannan abin!"

"Hucewa nake so ya yi, Inna."

"Ruwan sanyi ne zai huce?"

Da mutum ɗayan da ke gabansu ya shiga, Inna ta haɗa gwiwoyi. Gumi ya karyo mata. Ta dubi ƙofar ɗakin hoto, ta dubi lungun da banɗaki yake, can ƙarshen baranda. Ta miƙe tana tafiya irin ta mai ɗauke da kwano cike da miya.

"Ki riƙe min layi. Ko sun kira, ki ce ina zuwa."

Tana shan kwana ƙofa ta buɗe, aka ce mai bi ya shigo. Maman Ɓulɓul ta yi wuf ta shige, ta mayar da ƙofa.

Mai ɗaukar hoton wata mata ce mai tabarau, ta san Inna kamar yunwar cikinta. Ta dubi wadda ta shigo, ta dubi bayanta.

"Ina tsohuwar tamu?"

"Ta zagaya. Don girman Allah, baiwar Allah, ki duba min wannan a madadinta."

"A'a, ba haka ake yi ba. Sai likita ya gan ta ya turo."

Uwar ba ta yi gardama ba. Ta kwance goyon, ta kwantar da yarinyar, ta yaye rigar mai buhun hannu, ta kamo hannun matar ta ɗora a gefen hagu. Matar ta ji taurin. Ta gyara tabarau, ta matso ruwan man nan mai sanyi a cikin, ta ɗora kan na'urar a hankali. Ɓulɓul ta ɗan zabura, sannan ta kwanta lamo tana kallon allon.

Uwar ba ta fahimci komai a allon ba, duhu ne da toka-toka. Fuskar matar take karantawa.

"Tun yaushe kika ji shi?"

"Ya yi watanni."

"Watanni," matar ta maimaita. Ta miƙe ta leƙa ta wata ƙofa ta ce a kira mata likita yanzu.

A waje kuwa Inna ta dawo sakayau, ta tarar babu suruka babu jaka, ƙofa a rufe. Ta hau bugu tana faɗin an ci amanarta, an cinye mata layi, ga ruwan da ta sha duk ya tafi a banza. Da aka buɗe mata ta ga jikarta kwance, likita tsaye a kanta, sai ta shiga ta raɓe a gefe.

Likitan ya zaunar da su ya yi bayani dalla-dalla. Ƙari ne ya fito a ƙodar hagu, irin wanda ke kama ƙananan yara, kuma alamu sun nuna ciwon daji ne. Ya ce daga yau kada wanda ya sake danna cikin ko ya buga shi, don ƙarin zai iya fashewa ya bazu. Maman Ɓulɓul ta juya ta kalli tafin hannun Inna. Inna ta tura hannun cikin mayafi.

Ya ce zai tura su babban asibiti, sashen yara masu irin wannan ciwo. Can za a gwada jini, a ɗauki hoton ƙirji, a fara ba ta magani ta jijiya don ƙarin ya motse, sannan a yi tiyata a cire ƙodar gaba ɗaya. Mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya. Maganin zai zubar mata da gashi, zai ramar da ita, amma yara da yawa suna warkewa. Abu ɗaya ne ba ya so, a ƙara ko da mako guda a gida.

"Akwai tambaya?"

Inna ta matso da kujera.

"Likita, tsakaninka da Allah, ba gari ne ya jawo ba ko?"

"Wane gari?"

"Na yara. Wanda ake damawa."

"Babu abincin da ke kawo wannan, Mama."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina.

Da yamma aka yi zaman gida. Maman Ɓulɓul ta ɗauka magana ta ƙare, tunda likita ya faɗa da bakinsa. Ashe yanzu aka fara.

"Gashi ya zube?" in ji Gwaggo. "Ta rame? To wa zan ɗauka? Ga sabuwar leda an kusa bugowa, na riga na sanar za a ga Ɓulɓul da ita a hannu."

"Likitocin nan da son yanka," in ji Inna. "Ni sau nawa suna duba ni suna cewa ba komai, alhali ni na san akwai? In sun iya kuskure a kaina, a kanta ma za su iya. A bari a fito da sabuwar ledar tukuna. Kafin nan a ninka mata gari, jikinta ya yi ƙwari."

"Ya ce ko mako kada a ƙara, Inna."

"Shi ya haifa min ita?"

Uwar ta juya wajen mijinta. An gaya mata babban asibitin ba sa fara irin wannan magani sai uba ya je ya amince, ga shi da nisa, ba inda za ta kai da ƙafa ba ne.

"Baban Ɓulɓul, 'yarka ce fa. Ka ce wani abu."

Manaja ya sosa ƙeya. Idonsa ya yi ja, don ba wai ba ya son 'yarsa ba ne, yana son ta iyakar yadda aka ba shi izini. Ya dubi yarinyar da ke kwance a cinyar uwarta tana numfashi sama-sama, ya dubi Inna.

"Ki yi haƙuri. Ai kin ji abin da Inna ta ce. Ba hanawa aka yi ba, ɗagawa aka yi."

Ta daɗe tana haƙuri a gidan nan, har ta ɗauka shi ne halinta. Ranar ta duba ta ga ya ƙare ƙaf.

Da safe ba a ji motsin tankaɗe a bayan gida ba. Maman Ɓulɓul ta yi wa 'yarta wanka, ta sa mata 'yar shimi marar hannu, ba alewa ba hoda. Ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta dasa a bakin ƙofar shago, daidai ƙarƙashin allon, ta zauna ta ɗora yarinyar a cinya. A sama ga Ɓulɓul ta hoto tana murmushi da cokali. A ƙasa ga ta gaske, ido ya faɗa, hannuwa kamar sillen kara, ciki ya karkace gefe guda.

Mace ta farko ta iso da ɗanta a hannu. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wannan ba Ɓulɓul ba ce? Me ya same ta?"

"Wallahi 'yar'uwa, ga ta nan dai," in ji uwar cikin sanyin murya. "Ni dai abin da na sani, tun da aka yaye ta garin nan take sha, safe da yamma."

Ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Matar ta ja ɗanta baya, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ta biyu har ta ɗauki leda, da ta ji amsar ta mayar a hankali ta goge hannu a zani. Ta uku ba ta ma shigo ba, ta tsaya daga nesa ta ciro waya.

Inna ta fito kamar an jefo ta, ta sunkuya tana magana ta cikin haƙora, fuska kuma tana yi wa masu wucewa murmushi.

"Ke! Kashe ni za ki yi? Kin san ba garin ba ne! A gabanki likita ya faɗa!"

"Na ji, Inna. Ke ma kin ji. Su ne ba su ji ba."

"To ki gaya musu mana!"

"In ce wa ya faɗa? Kin ce kada a ambaci asibiti."

Gwaggo ta leƙo tana cewa an fara tambaya a waya. Wata mai goyo ta sake nufo shagon, Maman Ɓulɓul ta gyara wa yarinyar zama don a gan ta da kyau.

"Manaja!" Inna ta ƙwala kira. "Kai Manaja! Nemo mota ka kwashe su ka kai su asibitin, ko ma ina ne, su bar min ƙofar shago!"

Bai taɓa cika umarni da sauri irin na ranar ba. Tsoron da ya hana a kai yarinya asibiti, shi ne ya kai ta, a kujerar gaba.

A babban asibiti wasa ya ƙare. Ɗakin yaran dogo ne, gadaje a jere, kawuna duk a sule, iyaye mata zaune a gefe kowace da ledar kayanta a ƙarƙashin gado. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar yaran, wata mace marar yawan magana, ta ɗaga hoton a gaban fitila ta nuna wa uwar wasu ɗige-ɗige farare. Ciwon ya tsallaka huhu. Magani zai fi ƙarfi, zai fi tsawo.

Aka fara. Ruwan magani yana ɗiga ta jijiya, Ɓulɓul tana amai har ba abin da ke fitowa. Bakinta ya yi gyambo, ta ƙi ko ruwa. Gashin ya bi matashi, uwar tana tattarawa tana ƙullewa a gefen zani, ita ma ba ta san me za ta yi da shi ba. Nas-nas suka koya mata wanke hannu kafin ta taɓa yarinyar, da lura da zafin jiki, da kiran su da zarar ya hau. Bayan makonni likitar ta taɓa cikin da tausasan yatsu ta ce ƙarin ya motse, za a iya shiga tiyata.

Daga gida saƙo yana zuwa jefi-jefi. Inna ta ce a gaishe su, ƙafarta ce ke ciwo. Gwaggo ta ce kada su damu da shago, an samu ɗan maƙwabta mai kumatu ya riƙe sabuwar leda, kuma shi ba ya ma buƙatar alewa. An ɗauki mata biyu suna aikin bayan gida, amma garin ya ƙi yin ƙamshin da, ko Maman Ɓulɓul za ta faɗi yadda take suyar?

Ranar tiyata kuwa Inna ta zo, ƙafa ta warke, ta sha sabon mayafi. Kafin a yi nisa da aiki ta tara matan da ke jira a baranda tana ba su labari.

"Ni na gano shi. Jikina ne ya ba ni. Na ce a bi ni da yarinyar nan asibiti, na sha ruwa na sha ruwa, layina ya zo, na ce a'a, ni na ci zamanina, a duba jikata."

Matan suka yi ta sa mata albarka, suna cewa ba kowace kaka ba. Maman Ɓulɓul tana jin su. Idonta na kan ƙofar da aka shige da 'yarta.

Da rana ta karkata likitan tiyata ya fito, ya sauke abin rufe hanci. Ya ce an cire ƙodar da ƙarin gaba ɗaya, bai fashe ba, yarinya tana farfaɗowa. Manaja ya durƙushe a wurin yana kuka. Likitan ya jira ya tashi, sannan ya ƙarasa. Saura huhu. Za a ci gaba da magani na watanni, wataƙila har da gasa wurin da hasken na'ura. Akwai fata, amma ba zai yi musu alkawari ba.

"Da an kawo ta lokacin da aka fara jin taurin nan," in ji shi, "da yau sai in ce muku ku kwantar da hankalinku. Yanzu ba zan iya faɗin haka ba."

Matan da suka gama sa albarka suka zuba wa Inna ido. Ita kuwa ko gezau, ta juya ta fuskanci surukarta, ta tafa hannu.

"Kin ji ko? Ke da kike mata wanka kullum! Uwa ce ke fa. Kin ji abu a cikin 'yarki, sai ki tsaya kina lallaɓa magana kamar mai roƙon gishiri? Mu tsofaffi me muka sani? Ai da kin dage."

Manaja ya share hawaye, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya, da kin dage."

Haka ake yi a irin gidajen nan. A toshe wa mace baki, in abu ya lalace a tambaye ta dalilin shirunta. Abin da ya fi ƙona ran Maman Ɓulɓul ba rashin kunyar maganar ba ne. Wani sashe na zuciyarta ya yarda da ita. Ta tuna duk safiyar da ta ji taurin nan a tafinta, ta shafa wa yarinya mai, ta sa mata riga, ta miƙa ta a kai ta teburin shago. Wannan nauyin ita za ta ɗauka har ƙarshen ranta, su kuwa sun riga sun sauke nasu a kanta sun miƙe.

Nas ta leƙo ta ƙofa.

"Ta fara buɗe ido. Mutum ɗaya kawai zai shiga."

Manaja ya dubi Inna. Inna ta miƙe tana gyara mayafi, a matsayinta na babba, ta ɗaga ƙafa. Sai ta ji hannu a kafaɗarta, hannun da ya shekara yana ɗaga buhu, ya mayar da ita kan benci a hankali.

"Zauna, Inna," in ji Maman Ɓulɓul. "Yau na dage."

Ta shiga ta ja ƙofar. Yarinyar na kwance ƙarƙashin farin zani, 'yar mitsitsiya, robar iska a hancinta. Uwar ta wanke hannu kamar yadda aka koya mata, ta durƙusa a gefen gadon, ta kai kunnenta kusa da ɗan ƙirjin. Numfashi ya shiga, ya fita. Ta tsaya a haka tana jiran na gaba.